A kai yara cikin duwatsu, amma ta kwazazzabo

Duk hutun makaranta sai ka ga iyaye sun kwashi yara zuwa wurin lilo ko babban kanti, a sha askirim a dawo gida. Ban ce laifi ba ne. Amma mu da Allah ya zuba wa duwatsu tun daga Kufena ta Zariya har tsaunukan Shere na Jos, wallahi da takaici a ce yaro ya kai shekara 12 bai taɓa taka falalen dutse ba.

Da ka ambaci dutse sai iyaye mata su dafe ƙirji, su hango igiya da faɗowa. To ni ba hawan ƙololuwa nake nufi ba. Ta Shere ta haura mita 1,800, a bar wa samari masu jini a jika. In da iyali ne, kwazazzabo ake bi, inda ruwa ya yi wa kansa hanya tsakanin duwatsu. Ɗauki magangarar ruwan Assop da ke gindin Hawan Kibo, kan hanyar Jos zuwa Akwanga. Mota za ta kai ku kusa, saura 'yar tafiyar ƙasa ce cikin inuwar bishiyoyi, kuna jin rugugin ruwa tun kafin ku gan shi. Yaro ya dafa dutsen, ya ga ɗigo-ɗigon fari da baƙi suna ƙyalli a jikinsa, sai ka ce masa irinsa ake fasawa a yi tsakuwar da aka zuba kankaren gidanku.

Inda ba na tare da mutane shi ne zuwa da damina, wai ruwan ya fi kyau a hoto. Ya fi kyau kam. Sai dai irin wannan dutse ba ya shan ruwa. Ana iya tafka ruwan sama can bisa tsauni, ku kuna ƙasa rana tana dukanku, kafin ku ankara kwazazzabon ya cika. Ga gansakuka, santsinta ko ƙato sai ta kayar, balle mai goyo. Ku bari sai Nuwamba zuwa Janairu, ruwa ya ja baya, dutse ya bushe, a dai riƙo wa yara rigar sanyi don hunturun Filato ba wasa ba ne.

Silifas kuma a bar shi a mota, a sa kambas.

Batun tsaro ba zan ɓoye ba, yankin Riyom, inda magangarar Assop take, ya sha fama da rikici. Ku tambayi mutanen wurin halin da ake ciki kafin ku taso, ku ɗauki ɗan gari ya yi muku jagora, ku shiga da hantsi, la'asar ta same ku a kan titi.