Ni da agwagwa da farar shadda

Kaji na sani. Tun ina yaro nake ganin kaza ta kwanta a kan ƙwai kwana 21 ta fito da 'yan tsakinta. Da wannan ilimin na shiga kiwon agwagi, a ganina duk kanwar ja ce.

Wata Juma'a na je kasuwar Wudil na sayo toro ɗaya da mata biyu, irin namu na gida masu jan fuska, waɗanda ba sa kuka sai huci. Na gina musu akurki har da shimfiɗar ƙaiƙayi. Babbar ta leƙa sau ɗaya, ta juya ta tafi bayan wata fasasshiyar randa a lungun kicin, can ta zaɓa. Ta saka ƙwai 14, ta fige gashin ƙirjinta ta yi musu katifa, ta hau kwanci. Ni kuma na ɗauki gawayi na rubuta kwanan wata a jikin bango. A daren nan na yi wa mutum uku alkawarin 'yan agwagi.

Rigimarmu ta fara ne a kan wanka. Kullum da hantsi sai ta rufe ƙwan da gashi, ta taso tana rangaji, ta faɗa bahon wankin uwargida, ta yi facal-facal, ta koma ta zauna a kansu a jiƙe. Na ce wannan ba uwar kirki ba ce, wa ya taɓa ganin mai kwanci da yawon wanka? Na kife bahon. Ta dube ni, ta wuce kwata.

Ranar 21 na shimfiɗa tabarma, yara suka kewaye ni. Shiru. Kwana 25, shiru. Kwana 28, shiru kamar an aiki bawa garinsu. A majalisa kowa ya zama likitan dabbobi. Wani ya ce toron ne ba shi da kuzari, wani ya rantse tsawar da aka yi makon jiya ce ta kashe su. Waɗanda na yi wa alkawari kuwa, in mun haɗu, gaisuwar ta koma "ya mai jego?"

Kwana 30 ya faɗo ranar Juma'a. Na sha farar shadda, na fesa turare, ina jiran lokacin masallaci, sai zuciya ta ce leƙa mana ka gani. Na tsuguna na zura hannu. Ashe mai tafiyar rangajin nan tana da zafin nama. Ta kama fatar hannuna da baki ta murɗa, ta bi ni da fiffike. Duk da haka na fizgo ƙwai ɗaya. Na kai shi kunne na girgiza, na ji ruwa yana kai da komo a ciki. Na ƙara girgizawa don in tabbatar.

Tas!

Wanda bai taɓa jin warin baragurbi ba, Allah ya bar shi a haka. Daga hula har aljihu. Yara suka watse, toron kansa ya matsa gefe. Uwargida ta leƙo da mayafi a hanci ta ce, "Malam, don girman Allah kada ka shigo mini ɗaki." Sallar da na yi a sahun ƙarshe ke nan, cikin rana, da tsohon kaftani, kuma na lura na damana ya ɗan bar mini fili.

Na dawo a fusace, na sa yara suka kore ta da tsintsiya, na kwashe sauran 13 a kwano zan kai bola. A zaure na yi kiciɓis da Gwaggo.

"Kai ɗan nan, ina za ka da su?"

"Sun lalace, Gwaggo. Yau kwana 30."

Ta yi dariya har sai da ta dafa bango. "Kaza ka mayar da ita? Ƙwan zabi ma sai ya yi mako huɗu. Wannan agwagwar mako biyar take yi cur, kwana 35."

Ta karɓi wayata, ta ja ni ɗaki mai duhu, ta dunƙule hannu a kan ƙwai ɗaya ta haska shi da tocila. Cikinsa ya cika baƙi ƙirin, sai ɗan fili a ɓangaren mai faɗi, kuma wallahi na ga abu ya motsa. Da na kawo ƙarar wankan, sai ta ce laimar jikin uwar ce ke hana fatar cikin ƙwan bushewa ta manne wa ɗan. Wato uwar tana aikinta, ni ne mai kife baho.

Na mayar da su tun da ɗuminsu, na cika bahon da hannuna, na ƙara mata dusa. Ba ta ko dube ni ba.

Ranar 35 da asuba muka ji tsiyu-tsiyu a bayan randa. Washegari ta fito da 12 a bayanta, ruwan ɗorawa da ɗigon baƙi, suna tuntuɓe da juna. Ƙwai ɗaya ya rage a gurbin. Gwaggo ta ce a ɗauke shi tun kafin ya fashe. Kowa ya juyo ya dube ni. Uwargida ta shiga ɗaki ba ta ce uffan ba, ta fito ta miƙo mini rigar da nake zuwa gona da ita.