Daraf ɗin besbol na 2026: a ba ni shotstof, ku riƙe yaronku mai jifan mil 100

Jama'a, duk wanda ya turo bidiyon yaro ɗan shekara 18 yana jifan mil 100 a sa'a, ya ce ga wanda ya dace White Sox, ƙungiyar besbol ta Chicago, su fara ɗauka a daraf na watan Yuli, tambaya ɗaya ce gare shi: ya ga hoton gwiwar hannun yaron? In bai gani ba, cinikin biri a sama yake yi.

Bari a fara shimfiɗa wa sababbin shiga, don daraf ɗin MLB, wato zaɓen sababbin 'yan wasa na babban lig ɗin besbol na Amurka, bai yi kama da kasuwar 'yan wasa da muka sani a ƙwallon ƙafa ba. Nan ba a sayen yaro daga wata ƙungiya. Ƙungiyoyi 30 ne ke zaɓe bi da bi har zagaye 20, daga cikin yaran Amurka, Kanada da Puerto Rico. Ɗan sakandare yana shiga da zarar ya kammala. In ya ƙi sa hannu ya tafi jami'a mai shekara huɗu, ƙofa ta rufe masa sai ya gama shekara ta uku ko ya cika 21. Gurabe shida na farko kuma tun 2023 ƙuri'a ake jefawa a kansu, ba wai wanda ya fi shan kashi shi ke kan gaba ba. Shi ya sa White Sox, da suka sha kashi sau 121 a 2024, suka tsinci kansu a gurbi na 10 a daraf ɗin 2025, saboda ƙa'ida ta hana su shiga ƙuri'a shekara biyu a jere. Wannan karon ƙuri'ar ta faɗa musu, kuma rabonsu da gurbi na ɗaya tun 1977 da suka ɗauki Harold Baines. Rockies kuwa, masu rashin nasara 119 a 2025, su ne makamanciyar ƙa'idar ta cije a daraf ɗin 2026.

Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne kuɗi. Kowane gurbi a zagaye goma na farko yana da farashinsa, a tara su wuri ɗaya, jimlar ita ce kason ƙungiya. Ta wuce kason da abin da bai haura kashi 5 cikin ɗari ba, ta biya harajin kashi 75 a kan rarar. Ta haura kashi 5, an ƙwace mata zaɓen zagayen farko na baɗi. Daga zagaye na 11 zuwa sama, dala 150,000 ta farko ba ta shiga lissafi. Kuma in yaro ya ƙi sa hannu, kuɗin gurbinsa ya fita daga kason gaba ɗaya. To a nan dabara take. A 2012 farashin gurbi na ɗaya dala miliyan 7.2 ne, Astros suka ba Carlos Correa miliyan 4.8, suka kwashi ragowar suka shawo kan Lance McCullers da miliyan 2.5 ya fasa zuwa jami'a. Haka kuma in ka ga ƙungiya ta ɗauki ɗan ajin ƙarshe na jami'a a zagaye na 8 ko na 9 ta ba shi dala 10,000, ba rowa ba ce kawai. Ba shi da inda zai koma, sai a tatse gurbinsa a ƙara wa ɗan sakandaren da ke barazanar tafiya makaranta. Barazanar kuma ba ta baki ba ce: Gerrit Cole ya ƙi Yankees a 2008, ya tafi jami'ar UCLA, ya dawo na ɗaya a 2011 da dala miliyan 8. Don haka jerin da za a karanto ranar daraf ba jerin gwaninta zalla ba ne, da hannun akawu a ciki.

To, gwanina na ɗaya, bisa abin da aka gani zuwa ƙarshen kakar 2025, Roch Cholowsky ne na UCLA. Shotstof ne, wato mai tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku, wurin da ya fi kowane wahala a cikin fili in aka cire mai cafka, wanda ke tsugune bayan mai bugu. A 2025 ya buga .353, wato bugu mai nasara 353 a cikin kowane gwaji dubu, da hom-ron 23, bugun da ke tsallake katangar fili, ya zama gwarzon ɗan wasan rukunin jami'o'i na Big Ten, ya kai UCLA gasar ƙarshe ta jami'o'i a Omaha. Amma ba hom-ron ɗin ne ya fi jan hankalina ba. Sau nawa aka ba shi tasha kyauta saboda ya ƙi bin jifan banza, sau nawa kuma aka kore shi da jifa uku? Na farkon ya fi na biyun yawa. Ɗan jami'a mai ƙarfin bugu irin wannan da bai cika dukan iska ba, kuma ba a shakkar zai ci gaba da zama a shotstof, ba kowace shekara ake samunsa ba. Dalilin da ya sa wurin tsaro yake da muhimmanci mai sauƙi ne. Shotstof in ƙafarsa ta yi nauyi a mayar da shi tasha ta uku, in hannunsa ya gaza a kai shi ta biyu, in yana da gudu a tura shi tsakiyar fili ta waje. Wanda aka ɗauka tun farko a tasha ta ɗaya kuwa ba shi da matsera: kulkinsa ya yi magana ko a sallame shi. Nick Kurtz, da Athletics suka ɗauka na huɗu a 2024, nasa ya yi magana, har da hom-ron huɗu a wasa ɗaya da Astros a Yulin 2025. Sai dai ba a gina tsari a kan wanda ya zama zakaran gwajin dafi.

A ɓangaren sakandare, Grady Emerson na Texas nake so, shi ma shotstof, mai bugu ta hagu. Abin da ya raba shi da sauran yara shi ne an daɗe ana ganinsa a tawagogin ƙasa na matasa yana karawa da sa'o'insa mafi kyau. Wannan shi ne ma'aunin ɗan sakandare. Alƙaluman makaranta kusan ba su da amfani, yaro zai buga .500 a gundumar da mafi gudun jifa bai wuce mil 80 ba, alhali matsakaicin jifan gudu a babban lig yana wajen mil 94. Abin da masu farautar 'yan wasa ke bi shi ne wasannin bazara, da kulkin katako, gaban yaran da ke jifan 92 zuwa 95. A can ake duba ko hannunsa yana isa ƙwallo a kan lokaci, ko kansa yana tsayawa cik lokacin bugu, ko yana gane jifa mai lanƙwasa tun daga hannun majefi ko sai ta iso ya zabura. A duba shekaru kuma. Yaron da ya kusa 19 da rabi yana danne 'yan 17 bai nuna komai ba tukuna. Eli Willits bai cika 18 ba lokacin da Nationals suka ɗauke shi na ɗaya a 2025, kuma ƙuruciyar tana cikin abin da suka saya. Ba doka ba ce da ba ta karyewa, Bobby Witt Jr. yana gab da cika 19 aka ɗauke shi na biyu a 2019, ga shi nan kowa yana gani.

Justin Lebron na Alabama shi ne wanda zai raba kan mutane. In kayan aiki ake aunawa, gudu, ƙarfin hannu, ƙarfin bugu, yana iya fin Cholowsky. Masu farauta suna ba kowace baiwa maki daga 20 zuwa 80, 50 ne matsakaicin babban lig, 60 ya fi matsakaici, 80 kuwa sai ɗaiɗaiku. Lebron yana da 60 a wurare da yawa. Matsalar tana wuri ɗaya, kuma shi ne wurin da ya fi kowane tsada. A 2025 ya fara kaka kamar wuta a kan ƙananan makarantu, da aka shiga wasannin SEC, rukunin manyan jami'o'in da Alabama ke ciki, inda majefa ke da jifa mai gocewa gefe, sai dukan iska ya yawaita. Duk wanda zai duba alƙaluman ɗan jami'a ya raba su biyu: na Fabrairu da farkon Maris gefe guda, na cikin rukuni gefe guda, musamman daren Juma'a da kowace makaranta ke fito da majefinta na ɗaya. Ba girin-girin ba, ta yi mai. In Lebron ya rage bin ƙwallon da ta fita waje, zan canja magana. In bai rage ba, a ƙananan lig, inda ƙungiyoyi ke renon waɗanda suka ɗauka, abin zai ƙara muni ne, ba zai gyaru da kansa ba.

Wanda nake ganin za a raina kuwa Drew Burress ne na Georgia Tech. Tsawonsa ƙafa 5 da inci 9, kuma akwai ƙungiyoyin da tun daga nan suke rufe littafi. Amma a shekararsa ta farko, 2024, ya buga .381 da hom-ron 25, yana tsaron tsakiyar fili ta waje. Irin wannan rainin ne ya bar Dustin Pedroia har zagaye na biyu a 2004, bayan shekara huɗu ya zama gwarzon lig. Tambaya ta gaskiya a kan Burress ba tsawo ba ce, ita ce nawa ne daga cikin ƙarfin nan nasa, nawa ne na kulkin ƙarfe. Kulkin jami'a yana yafe kuskure, ka bugi ƙwallo kusa da mariƙi ta tafi, na katako kuwa karyewa zai yi a hannunka. Shi ya sa gasar bazara ta Cape Cod, mai ƙungiyoyi goma da kulkin katako, take da nauyi. Travis Bazzana ɗan Ostireliya a can ya zama gwarzo a 2023, shekara ta zagayo Cleveland suka ɗauke shi na ɗaya. Charlie Condon kuma, mai hom-ron 37 a Georgia a 2024, da ya shiga ƙananan lig a ƙarshen wannan shekarar sai da ya sha wuya.

Mu dawo kan majefa. Tun 1965 da aka fara daraf, ba a taɓa ɗaukar majefi na dama daga sakandare a gurbi na ɗaya ba. Na hagu uku aka ɗauka, ku duba yadda suka ƙare. David Clyde, 1973: Rangers suka jefa shi babban lig kai tsaye yana 18 don su cika filin wasa, ya tashi da nasara 18, rashin nasara 33. Brien Taylor, 1991: Yankees suka ba shi dala miliyan 1.55, ya lalata kafaɗarsa a wani faɗa a Disambar 1993, bai taɓa taka babban lig ba. Brady Aiken, 2014: an daidaita da Astros a kan miliyan 6.5, likitoci suka ɗauki hoton gwiwar hannunsa suka ga abin da bai kwanta musu ba a jijiyar, ƙungiya ta rage tayi, ciniki ya watse. A Maris 2015 aka yi masa tiyata. Astros suka karɓi gurbi na biyu a daraf ɗin 2015 a madadin, suka ɗauki Alex Bregman, shotstof ɗin jami'a. A daraf na 2014 kuwa, Marlins sun ɗauki Tyler Kolek na biyu saboda mil 100, shi ma tiyata, shi ma bai iso ba.

Dalilin ba tsautsayi ba ne kawai. Akwai wata 'yar jijiya a cikin gwiwar hannu da ke riƙe ƙasusuwa biyu lokacin da hannu ya koma baya kafin sakin ƙwallo. Tsoka tana ƙaruwa da ɗaga ƙarfe, jijiyar ba ta bin ta da wannan saurin. Yaron da ke jifa da iya ƙarfinsa duk shekara, daga wannan baje koli zuwa wancan don na'urar auna gudu ta nuna lamba, yana cin jarinsa tun kafin a biya shi. In ta tsinke, tiyatar Tommy John ce, wato a sauya jijiyar, wata 12 zuwa 18 a zaune. Ko Hunter Greene, da ya zama abin misali, an ɗauke shi na biyu a 2017, aka yi masa tiyatar a 2019, bai shigo babban lig ba sai 2022. Shekara biyar ke nan ƙungiya tana jira, kuma shi ne wanda abin ya yi wa kyau.

Majefin jami'a daban ne, an ga jikinsa ya ɗauki nauyi. Paul Skenes ya kori masu bugu 209 a inin (zangon wasa) 122 da ɗoriya a jami'ar LSU a 2023, Pirates suka ba shi miliyan 9.2, kafin shekara ta cika yana babban lig. Amma ko a nan akwai tarko. Ɗan jami'a sau ɗaya yake jifa a mako, ƙwararre kusan duk kwana biyar, kuma kakar jami'a wasa 56 ce kafin gasar ƙarshe, ta ƙananan lig ta haura 130. Gudun da aka gani bayan hutun kwana shida ba lallai ya tsaya ba. A duba gudunsa a inin na shida, ba na farko ba. A duba ko yana da jifa na uku, mai rage gudu, da zai yaudari masu bugu ta ɗaya gefen, don mai jifa iri biyu ƙarshensa zama majefin ƙarasa wasa, kuma ba a kashe gurbi na ɗaya a kan mai inin ɗaya. A duba kociyansa ma, akwai waɗanda a gasar ƙarshe suke barin yaro ya haura jifa 120 don su kofi ke gabansu, ba hannunsa ba.

Wani abu da za a sa wa ido a watan Yuni shi ne taron gwaji da MLB ke yi kafin daraf. Wanda ya yarda likitoci su duba shi a can, ƙa'ida ta tabbatar masa tayin aƙalla kashi 75 na farashin gurbin da aka ɗauke shi. An kawo wannan ne bayan abin da ya faru da Kumar Rocker, da Mets suka ɗauka na 10 a 2021 suka fasa bayan sun ga sakamakon likita. Saboda haka in fitaccen majefi ya ƙi gwajin, ko kuma kuka ga sunansa yana ta gangarowa daren daraf ba tare da wani dalili a fili ba, akwai abin da ƙungiyoyi suka karanta a fayil da mu ba mu gani ba.

In da ni ke riƙe da katin White Sox, Cholowsky zan rubuta, in biya shi kusan cikakken farashi ba tare da ja-in-ja ba. In wakilinsa ya tsaya kai da fata, Emerson a ƙasa da farashi, ragowar kuɗin in kai zagaye na biyu. A can ne zan ɗauki yaron nan naku mai mil 100, bayan likita ya sa hannu.