Ƙanƙarar Ruwenzori tana ƙarewa a kan idonmu

Na gode da wannan labari na narkewar ƙanƙarar tsaunukan Ruwenzori na Yuganda. Wallahi ya taɓa ni, domin na je wurin lokacin da nake karatu a can. Daga Kasese muka tashi, muka yi kwanaki muna hawa cikin taɓo da hazo, har muka isa tafkin Bujuku. Ruwan nan baƙi wuluk, wuri tsit. Na tsoma hannu, sanyi ya ratsa ni har ƙashi. Can sama kuma ga ƙanƙara fara fat a kan dutsen Stanley mai tsawon mita 5,109, a tsakiyar Afirka mai zafin nan! Allah mai iko.

Sai dai marubuci bai taɓo 'yan ƙabilar Bakonzo ba, waɗanda ke ɗaukar wa baƙi kaya suna nuna musu hanya. Wani dattijo cikinsu ya nuna mana duwatsu tsirara, ya ce yana yaro ƙanƙara ce ta lulluɓe su. A 1906 an ƙirga tarin ƙanƙara 43 a tsaunukan, yau saura 'yan kaɗan, duk da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa gandun dajin Ruwenzori cikin wuraren gado na duniya tun 1994. Don Allah ku koma ku ji ta bakinsu.