Yawon Sallah da Jadawali

Duk wanda ya ce maka ana iya kai iyali filin wasan yara ranar yawon Sallah a dawo da hankali kwance, tambaye shi ko yana da dangi a Kaduna.

Ni YouTube ce ta ja mini. Cikin goman ƙarshe na azumi, an sauko daga tahajjud barci ya ƙi zuwa, sai na faɗa kan wasu Turawa masu koyar da yadda ake zuwa Disney World ba tare da an jigata ba. Wurin yana kusa da Orlando a jihar Florida ta Amurka, tun 1971 aka buɗe shi, manyan filayen wasa huɗu ne a cikinsa, mutane kan yi wata da watanni suna shirin zuwa. Dokokinsu ba wuya: a isa kafin a buɗe ƙofa, a fara da abin hawan da ya fi dogon layi, a sa wa yara riga iri ɗaya mai kalar da ake hangowa daga nesa, a rubuta lambar waya a hannun kowane yaro, a tsayar da wurin haɗuwa in wani ya ɓata, a tafi da abinci da ruwa. Har tikitin tsallake layi suke da shi, ana biyan kuɗinsa daban, aikin da mu a nan sanayya ke yi kyauta.

Na ce in Bature zai iya da wuri mai girman gari guda, ɗan filin lilo da motocin karo ba zai gagare ni ba. Na so mu hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, na buga kuɗin zuwa da dawowa, na rufe wayar a hankali. Ginin nan na Kajuru da wani Bajamushe ya yi a shekarun 1980 ma na kawo shi, Auta ta tambaya ko akwai lilo, magana ta mutu. Muka tsaya a kan wani filin wasa a cikin gari. Na zana jadawali a takarda da rula: mutum biyar, fita ƙarfe 8:30, dawowa kafin La'asar. Na shiga Kasuwar Barci na sayo riguna ruwan ɗorawa guda uku.

Sai uwargida ta ɗauki hoton takardar ta sa a zauren dangi na WhatsApp. Wai don a taya mu da addu'a.

Addu'ar ta zo da ƙafarta. Kafin hantsi yayata ta sauko daga Kawo da 'ya'yanta huɗu da wata 'yar maƙota da "za ta taya riƙon jariri". Ƙanin uwargida ya zo daga Tudun Wada da amaryarsa. Hajiya, wadda ta shekara tana kukan gwiwa, ta fito da mayafin Sallah ta ce ai ita ma jikokinta take son kallo. Can sai ga Kawu a tsohuwar Fijo 504 ɗinsa, wadda ba ya gajiya da faɗin cewa a nan Kakuri aka haɗa ta. Mutum biyar suka koma 15. Na aika aka ƙaro riguna, sai manya-manya aka samu, yara suka koma kamar an sa wa kaji buhu.

"Abban yara, ka daina kallon agogon nan, kana sa ni ɓata jagira," in ji uwargida. Lokacin ƙarfe 11 ta wuce.

Batun lambar waya kuwa, 'yan matan duk sun sha lalle har gwiwar hannu, babu inda biro zai sauka, kuma wadda na tunkara sai da ta yi ihu. Na rubuta wa mazan. Kafin mu fita aka kira Azahar, Hajiya ta ce babu mai taka ƙofa bai yi salla ba. Suka yi alwala, lambar ta bi ruwa.

Kulolin dafa-duka, soyayyun kaji, zoɓo da kunun aya duk muka loda a but ɗin Kawu, shi da Hajiya suka yi gaba. Sauran muka rarrabu tsakanin motata da Keke Napep biyu. Muka isa daidai lokacin da rabin Kaduna ta isa, rana tana tsakar ka. A bakin ƙofa na tara rundunata na nuna musu wata bishiyar darbejiya, na ce duk wanda ya ɓata ya zo nan. Ban rufe baki ba wata doguwar bas ta tsaya, ta juye ɗaliban wata Islamiyya sun kai hamsin. Rigunansu ruwan ɗorawa.

Daga nan aikina ya koma ƙidaya. In ƙirga in samu bakwai, in sake in samu goma sha ɗaya. A wurin mai askirim na jera yara na biya wa kowa, wani ɗan gajere ya karɓi nasa, ya ce "Na gode, Baba," ya ruga wajen malaminsu. Ladabinsa ne ma ya sa na gane ba namu ba ne. Namu ɗaya kuma, ɗan yayata, sai can na hango shi a layin Islamiyya yana karɓar biskit, har ya iya amshin waƙarsu.

Wajen ƙarfe 3 yunwa ta fara magana, na kira Kawu.

"Kawu, kuna ina? Mun duba wurin ajiye motoci ba mu gan ku ba."

"Mu da muka daɗe da zuwa? Ga mu a inuwa kusa da gada."

"Wace gada, Kawu?"

"Gadar Lugga mana, ɗan nan. Akwai wata ne?"

A wajen Kawu, filin shaƙatawa a Kaduna guda ɗaya ne tak: Ƙofar Gamji, bakin kogi, wanda aka sa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina. Jadawalina bai ko buɗe ba. Na ce ya taso, ya ce ba yanzu ba, yana yi wa wasu samari bayanin yadda aka kafa gadar a Zungeru a 1904 kafin a kwance ta a kawo nan, kuma Hajiya ta haɗu da ƙawarta ta Unguwar Sarki, sun shimfiɗa tabarma. Ta bayan muryarsa ina jin ƙarar murfin kula.

Kuɗin da na ware na mai da na ko-ta-kwana ya tafi a gurguru, alawar auduga da ruwan leda. Don in huce, kuma don Auta ta kafe sai da ni, na hau lilon nan mai kujeru a sarƙa. Babu wanda ya gaya mini ba a hawansa da babbar riga. Yana ɗaukar gudu iska ta cika ta, ta naɗe mini fuska, hulata zanna bukar ta tashi sama ta sauka can wajen masu motocin karo. Ina salati da ƙarfi, Auta tana cewa, "Abba, ka buɗe ido, ana ganin gari!" Da aka tsaya na sauko ina tafiya a karkace, malamin Islamiyya ya miƙo mini hular da sawun taya a jikinta, ya ce, "Sannu Alhaji, Allah ya ƙara lafiya." Amaryar ƙanin uwargida ta ɗauki abin tun daga farko har ƙarshe. Kafin in daidaita hular, mutanen Zariya sun fara turo alamar dariya.

Ana kiran Magariba muka shigo gida, kowane yaro da balan-balan, ni da ciwon wuya. Bayan Isha'i Fijo ta tsaya a ƙofa. Kawu ya sauke kuloli wankakku tas, ya ce mutanen Gamji suna gaida uwargida, kajin sun ji yaji yadda ya kamata. Ya zauna, ya karɓi shayi, ya dube ni.

"Tsarin nan naka ya yi kyau ƙwarai. Na gaya wa su Baffa na Rigasa, Babbar Sallah Abuja za ka kai mu a jirgi. Ka rubuta mutum 30, amma ka bar fili a ƙasan takardar."