Yadda na kashe Kaka a 1942

A gidanmu na Njamena ni ne ɗan boko, don haka duk takardar da ta shigo, ko ta kuɗin wuta ce ko ta maganin tsutsar ciki, a hannuna take ƙarewa. Ran nan Goggo, yayar babana, ta dawo daga biki, ko mayafi ba ta cire ba ta ce ta ji Faransa na biyan mazan jiya kuɗin da ta danne musu. In tashi maza in nemo haƙƙin Kaka "a cikin intanet ɗin nan naku".

Zancen yana da tushe. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na ƙasashen da ta mallaka, sai daga 2007 ta fara daidaita shi da na Faransawa. Ko magada suna da rabo, Goggo ba ta tsaya tambaya ba. Ta riga ta karɓo atamfa turmi biyu bashi.

Kaka ya shiga soja ne a 1940, shekarar da gwamna Félix Éboué ya sa Chadi ta bi bayan Janar De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu. Muna yara yakan ba mu labarin yadda suka ratsa hamada daga Faya har Kufra ta Libiya, suka ƙwace ta daga hannun Italiyawa ran 1 ga Maris 1941. A littattafai hafsan Faransa Leclerc ne ya jagoranci tafiyar. A bakin Kaka kuwa, Leclerc yana biye da shi ne yana tambayar hanya.

Na hau babur zuwa shagon intanet, na biya kuɗin awa biyu, na buɗe Mémoire des hommes, shafin ma'aikatar tsaron Faransa. Na rubuta Muhammadu, shiru. Ashe magatakardan Nasara da kunne suke rubuta suna: Mamadou, Mahamat, Mohamed, Hamadou, kowa da abin da ya jiyo. Da na sa Mahamat, sai ga su sun zubo kamar an buɗe ƙofar masallacin Juma'a. Sunan uba babu tabbas, ranar haihuwa kuma "wajen shekara kaza". Na yi ta bi ɗaya-ɗaya, gumi na ɗiga a kan madannai, har na ci karo da wani ɗan Chadi da shekarunsa suka yi daidai da na Kaka. Farin ciki ya hana ni tunani. Na sa aka buga mini takardar, na karanta ƙasanta a kan babur: ya rasu a 1942.

Wallahi har ƙwalla na yi. Na shiga gida a sanyaye, na durƙusa gaban Goggo na ce, "Goggo, sai haƙuri. Kaka ya rasu a bakin daga."

Ta dube ni tun daga kai har ƙafa. "Yaushe?"

"1942."

"To ubanka da aka haifa a 1951, daga rijiya aka jawo shi? Kai kuma wa ya zane ka a kan satar dabino, fatalwa?"

Nan na tuna ni ma na bi gawar Kaka zuwa maƙabarta ina ɗan shekara takwas. Jerin da na shiga na waɗanda suka mutu wa Faransa a yaƙi ne, wanda ya dawo da ransa ba shi da gurbi a ciki. Awa biyu ina neman mai rai a cikin matattu, da kuɗina.

Don in wanke kaina sai na ce ai ko ba komai na gano sunan rundunarsu, na fassara mata: sojojin Senegal na Chadi. Da na sani na yi shiru. Goggo ta dafe ƙirji tana salati, wai ashe Baba ɗan Senegal ne ya ɓoye musu, shi ya sa yake son shinkafa da kifi. Sai da na kwashe rabin awa ina rantsuwa cewa tun 1857 aka kafa rundunar a Senegal, sunan ya bi duk baƙar fatar da ta sa kakin Faransa, ko daga Kusuri ka fito.

Wani dattijo a masallacinmu, shi ma ɗan tsohon soja, ya ce in bar wahalar da kaina. Takardun aikin sojoji irin su Kaka suna ma'ajiyar soja da ke garin Pau a Faransa, wasiƙa ake rubutawa, kuma abin da ke raba Mahamat da Mahamat shi ne lambar soja. Muka fasa akwatin ƙarfen Kaka. Ga lambar yabo, ga jar hula, ga ɗan littafinsa na soja. Gara ta bar bango, ta bar hatimi, ta cinye daidai inda lambar take, kamar an aiko ta.

Bayan kwana uku kunama ta harbi ƙanena. Goggo ta kama ƙafarsa ta fara tofa addu'ar da ta gada wurin Kaka, wadda ta ce kullum da asuba yake karanta ta a tsaye ƙyam: "Matirikil katorzu katiri-ban-duzu, parazan!" Na ce, "Goggo, maimaita." Ta maimaita, ta ƙara da tofi. Na faɗi ƙasa ina dariya, yaro na ihu. Faransanci ne tsagwaronsa: lamba 1492, ga ni! Shekara talatin tana yi wa unguwa maganin kunama da lambar sojan ubanta, kuma a cewarta ba a taɓa dawo mata da ƙorafi ba.

Wasiƙa dai ta tafi Pau da lambar a jiki. Mai atamfa tana zuwa duk Juma'a, Goggo kuma tana nuna mata ɗakina. Shekaranjiya da dare na taka kunama a bakin randa, na rarrafa ƙofar Goggo ina kiran sunan Allah. Ta leƙo da fitila, ta haska ƙafar, ta ce, "Ai ka ce ba addu'a ba ce. Rubuta wa Faransa."