Kuɗin abin hawa sama na cikin kuɗin allon shago

Masu kafa allon shago a nan Ingila ba su fi yaranmu na Kano iya aiki ba. Da su nake aiki a Birmingham, na kuma sha ganin yadda ake ɗora allo a Kantin Kwari da Titin Gidan Zoo. Wajen iya hannu da juriya namu ne gaba. Inda muka rabu shi ne ranar da ake tambayar da me za a hau. A nan, tun sanda aka je auna gaban shago ake yanke wannan, a saka kuɗinsa cikin farashi. A gida kuwa sai an gama walda, an ɗauko allon a a-daidaita-sahu, sannan maigida ya ce wa yaro ya ruga ya aro tsani a maƙwabta.

Mutane na zaton an hana tsani a Turai. Ba a hana ba. Dokar aiki a sama da Birtaniya ta kafa a 2005 cewa ta yi a fara duba ko aikin zai yiwu daga ƙasa. Shi ya sa muke jera haruffa, mu haɗa fitilu da wayoyinsu a kan tebur, har mu gwada wutar kafin allon ya bar ƙasa. Abin da ya rage na sama sai a nema masa wurin tsayawa mai shinge. Tsani shi ne zaɓin ƙarshe, kuma hukumar HSE mai kula da lafiyar ma'aikata ta ce na ƙaramin aiki ne mara haɗari, wanda ba zai wuce minti 30 ba. A jingina shi yadda duk tsawon mita 4 gindinsa zai ja baya da mita 1, a ɗaure kansa, kar a taka matakala uku na ƙarshe, kuma kullum ƙafa biyu da hannu ɗaya suna riƙe da shi.

To a nan ne maganar take. Kafa allo aikin hannu biyu ne. Hannu ɗaya na tallabe da allon, ɗayan na danna injin huda bango, wanda shi kansa tura mutum baya yake yi. Da wane hannu za a riƙe tsanin? Ga allon da faɗi, iska na kama shi. Wanda ya san iskar da ke gabatar hadari a farkon damina, ko ta hunturu da hantsi, ya san allo mai mita 3 zai iya fizge ƙato. Saboda haka duk allon da mutum ɗaya ba zai ɗaga da hannu ɗaya ba, a ganina ya fi ƙarfin tsani, ko a Birmingham ko a Sabon Gari.

Allon da ke saman ƙofar shago, dandamalin ƙarfe mai taya muke haɗa masa, da shinge kewaye da mai aiki, a kulle tayoyin, kuma ba a tura shi da mutum a kai. In abin ya kai hawa na biyu ko na uku, sai a yi hayar mota mai kwando, irin ta masu gyaran fitilun titi. Mai tuƙa kwandon sai da katin horo na IPAF, ƙungiyar masu injinan ɗaga ma'aikata sama, yana sanye da ɗamara mai gajeriyar igiya, ana duba injin duk wata 6, kuma yawancinsu ba a ɗaga su in iska ta wuce mita 12.5 a daƙiƙa. Duk da wannan, a shekarar aiki ta 2023 zuwa 2024 ma'aikata 138 suka rasu a bakin aiki a Birtaniya, 50 daga cikinsu faɗowa suka yi. Kati ba ya riƙe mutum a sama. Takardun nan ma wani lokaci sun yi yawa, ban ce mu kwaso su ba.

Na san za a ce ina mai walda a Fagge zai samu kuɗin mota mai kwando. Gaskiya ne. Amma dandamalin da magina ke hawa ana ba da hayarsa a gari, mai waldar da ya ƙera firam ɗin allo kuma ba zai kasa ƙera nasa ba, ya yi masa shinge. Abin da ke hanawa ciniki ne. Alhaji mai shago zai kashe kuɗi kan fitila mai walƙiya, amma in aka ce ga kuɗin dandamali sai ya ce wancan yaron ya ce zai yi ba shi. Wanda ya rage farashi da tsanin katako mai ƙari, an haɗa biyu da ƙusa, shi ke samun aikin. In ya faɗo sai a ce tsautsayi, a kai shi asibitin ƙashi na Dala, uwarsa ta sayar da akuyarta. A Najeriya muna da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, amma yaron da ke koyon aiki a bakin titi babu sunansa a rajistar kowa. Wannan yana ci mini rai, domin da yawansu ba su kai ashirin ba.

Akwai haɗarin da ya fi yawa a wajenmu fiye da nan: wayar wuta. HSE ta ce kar a kafa tsani ƙasa da mita 6 daga wayar da ke sama sai an kashe ta ko an rufe ta, aikin lantarki kuma da tsanin faiba ko na katako ake yi. A kasuwanninmu waya kan bi ta saman rumfa, wani wurin hannu ma zai kai. Sai ka ji an ce a yi sauri a hau tunda an ɗauke wuta. Wutar da aka ɗauke ba sanarwa haka take dawowa ba sanarwa, ga janaretan maƙwabci da zai iya mayar da wuta kan layi. Tsanin alminiyam ko firam ɗin ƙarfe ya taɓa ta, magana ta ƙare. In waya na kusa, a je ofishin kamfanin wuta a nemi su kashe layin, a tsaya a ga sun kashe, ko kuma a rage girman allon a sauko da shi ƙasa.