Ruwan sama ba ya jin hon

Haba direbobi! Da ruwa ya sauko sai a kunna siginar gefe biyu a ci gaba da sheƙa gudu, na baya ya kasa gane tsayawa za ka yi ko kwana. Fitilar gaba maras kashe ido ta isa.

Sannan ga sulɓaɓɓiyar taya. Zanenta in zurfinsa bai kai milimita 3 ba, ba ya korar ruwa sosai, sai mota ta hau kan ruwan, sitiyari ya yi sakayau. A nan kada ka danna birki. Ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe. In ana ruwa, tazarar sakan 2 tsakaninka da motar gabanka ta zama 4. Ruwan da ya rufe kwalbati kuwa, mai zurfin santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota.